Wa Ya Danna Jan Maɓalli?

SHAFI NA 23

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", ga shi nan, ku bar ni in sha iska. Ke kuma da kika rubuto wai Yaya Injiniya yana burge ki saboda yana da tsafta, Allah Ya ba ki irinsa, ki dawo ki ba mu labari.

*

Kwana uku ke nan wayata ba ta yi ƙara ba.

Ni da ake kira tun ban wanke fuska ba. "Mai Batir, motata ta ƙi tashi a bakin makarantar yara." "Mai Batir, ki taimaka, na bar fitila a kunne." Shekara biyu sana'ata ke nan. In hau babur da na'urar tada mota a jaka, 'yar abar da ba ta kai bulo ba, in maƙala wa batir, mota ta tashi, in wuce wani wurin.

Yanzu duk unguwa ta zauna a kan magana ɗaya: na'urata ce ta fasa batir a fuskar Maigadinmu, kuma wai ni na haɗa. Tsohon yana kwance a asibiti, an naɗe masa ido biyu.

Ni kuwa a lokacin ina banɗaki, sabulu a kaina. Ƙarar kawai na ji, sai ihunsa. Na zura doguwar riga na fito da gudu, na ja shi zuwa famfon tsakar gida, na buɗe masa ido da yatsuna, ruwa yana zuba, minti ashirin ban sake shi ba. Maƙwabta suka shigo suka same ni jiƙe sharkaf, ga na'urata yashe a gaban tsohuwar motar Abba. Me za su ce?

Sai da gida ya cika sannan Yaya ya fito daga ɗaki. Sabuwar riga, ƙamshin turare, yana gyara agogo.

Wai, "Me ya faru a nan?"

To yau da hantsi Abba ya aiko in same shi a falo.

Na shiga da jakar aikina a kafaɗa. Abba yana kujerarsa ta kullum, rediyo a kashe, abin da ban taɓa gani ba da safe. Yaya ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ga takarda a tebur, ga biro ya ɗora mata a kai, an daidaita shi tsaf kamar za a ɗauki hoto.

Na gaida Abba. Na gaida Yaya. Da hanci ya amsa.

"Zauna, Auta," in ji Abba.

Na zauna a kafet.

Yaya ya yi gyaran murya. Ku da ba ku san shi ba, jami'in kiyaye haɗari ne a wata masana'anta. Shi ke tara ma'aikata da sassafe yana musu wa'azin hular kwano da safar hannu. A gida ko ƙwan fitila ya mutu ni ake kira.

"'Yar Maigadi ta kai maganar wurin 'yan sanda," ya ce. "Ina so mu rufe abin nan cikin mutunci. Na rubuta bayani. Hannu kawai za ki sa."

"Me aka rubuta?"

"Ba kya iya karatu ne?"

Na jawo takardar. An buga ta da kwamfuta, har da ja-layi a ƙarƙashin kanu. Wai ni na haɗa na'urar a motar Abba, na bar Maigadi yana riƙe da wayar na'urar, na shiga ciki. Wai na'urar ce maras inganci, ta yi tartsatsi, batir ya fashe. Wai tsautsayi ne, kuma ina neman afuwa.

Na karanta sau biyu. Sai na ji dariya ta taso min, na danne ta saboda Abba.

"Yaya, a ina ka ga na haɗa?"

"Ke da wa ke taɓa wannan tarkacen a gidan nan?"

"Ba amsar tambayata ba ke nan."

"Kin ji ta ko, Abba? Kin ga abin da yawon titi yake mayar da mace. Baki ya buɗe."

Abba bai ɗago ba. Carbi yake ja, amma leɓensa ba ya motsi.

"Idan kika sa hannu," Yaya ya ci gaba, ya sauke murya, irin ta mai lallashin yaro ya sha magani, "za a ɗauke shi a matsayin kuskuren kayan aiki. Babu wanda zai taɓa ki. Ki ajiye babur ɗin na 'yan watanni, mutane su manta."

"Su manta cewa na makantar da mutum?"

"Mutane suna mantawa."

"Wace mace ce za ta sake kirana in buɗe mata bonet da yaranta a mota?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Sai ki nemi wata sana'ar. Wannan dama ba sana'a ba ce, taimako ne."

Mtsww. Na zuge jaka na ciro na'urar, na ajiye ta a kan takardarsa. Ya yi saurin janye ƙafa, sai ka ce kunama na ajiye.

"Ɗauke min wannan abin daga nan."

"Ba ta cizo, Yaya. Sai an tsokane ta." Na juya wurin Abba. "Abba, ka ba ni izini in yi magana?"

Ya gyaɗa kai.

"Ana gobe abin zai faru, me na ce maka game da batirin motarka?"

Abba ya ce, "Kin ce ya kumbura."

"Na ce cikinsa ya kumbura, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na ce kada kowa ya tada motar sai na kawo wani. Batir mai wannan warin iska yake fitarwa, tartsatsi kaɗan ya ishe shi ya tashi da fuskar mutum. Har kwali na yanka na rubuta KADA A TADA, na maƙala a gilashin gaba. To ni da na rubuta, ni zan dawo da safe in haɗa masa wuta?"

"Mutum yana mantuwa," in ji Yaya.

"Ina kwalin?"

"Ni kika ba ajiya?"

"A kwandon shara na same shi. An ninka shi gida huɗu, tsaf, gefe da gefe. A gidan nan mutum ɗaya ne yake ninke shara kafin ya zubar."

Kunnensa ya motsa. Tun muna yara haka yake yi idan an taka shi.

"Wannan ba hujja ba ce."

"Ban gama ba. Motar wa tsohuwar motar Abba ta tare wa hanyar fita ranar?"

Ya kau da kai.

"Taka, Yaya. Ƙarfe takwas kake da taro, ka faɗa da bakinka wurin shan shayi."

"To sai me? Don ina da taro sai in taɓa kayan bola?"

Na ɗago na'urar na juyo da gefenta wurin Abba. Akwai wani ɗan jan maɓalli a wurin. Tun ranar da na saye ta na rufe shi da baƙin salatif, ninki uku. Yanzu salatif ɗin yana reto, an ɓantare shi da farce.

"Abba, ka ga wannan? Na'urar nan tana da hankali. Idan ka sa wayoyinta daidai, koren haske take nuna maka. Idan ka juya su, ta ƙi sakin wuta, ta kunna jan haske, ta kama kuka, ƙii-ƙii-ƙii, har sai ka cire. Ko jahili ya ji kukan ya san an ce masa dakata."

"Ki iya bakinki," in ji Yaya.

"Ban kira suna ba. Wannan jan maɓallin kuwa, shi ke kashe mata hankalin. Idan ka danna shi ka ce mata, na ji na gani, saki wutar ko da me. Ba a danna shi sai batir ya mutu murus har na'urar ba ta jin sa, kuma sai ka duba alamomin kan batir sau biyu. A shekara biyu sau huɗu na taɓa danna shi. Shi ya sa na rufe shi, don kada yatsana ya kai can bisa kuskure. Wanda ya ɓare salatif ɗin nan ya ji tana kuka, ya ga ta raina masa hankali, ya nemi inda zai toshe mata baki."

"Tatsuniya," ya ce. "Ko da ni ne, a misali nake faɗa, ko da ni ne, wa bai san ja na bin ja ba, baƙi na bin baƙi? Wannan ɗan firamare ma ya sani. Ta yaya zan juya waya?"

Allahu akbar. Da bakinsa.

Na kalli Abba. A karo na farko ya ɗago ido, ya kalle ni, ya sake sunkuyarwa.

"Maimaita, Yaya."

"Ja da ja, baƙi da baƙi. Ko shi ma za ki koya min?"

"Abba, wace kala ce wayar da ke kan alamar ɗebewa a batirin motarka?"

Abba ya daina jan carbin.

"Abba, don Allah."

"Ja ce," ya faɗa a hankali.

Yaya ya sauke ƙafa. "Kamar yaya ja?"

"Kamar yadda ka ji. Shekarun baya wayar ta tsinke wa Abba a hanya, mai gyaran da ya samu guntuwar ja kawai gare shi, ya sa masa ita. Ta kan tarawa kuma ta tsufa, an naɗe ta da baƙin salatif tun daga sama har ƙasa. Duk wanda ya taɓa wanke motar nan ya sani. Amma yaushe rabon da ka buɗe bonet ɗinta? Tun kana sakandare kake cewa warin mai yana sa ka ciwon kai."

"Wannan ai gangancin..."

Ya haɗiye sauran. Ya tuna gangancin wa zai ce.

"Ba a bin kalar wayar mota, Yaya. Alama ake bi, wadda aka zana a jikin batir. Ka goge datti da tsumma ka ga tarawa, ka ga ɗebewa. Ka kashe komai na cikin mota. Bakin jar waya ya ciji tarawa. Bakin baƙar kuma ka kai shi can jikin ƙarfen inji, nesa da batir, don ko tartsatsi ya tashi kada ya tashi a kansa. Ka jira koren haske. Kowa ya ja baya. Sannan a murɗa makulli. Ni da ba ni da digiri haka nake yi, sau goma a yini, kuma ban taɓa ƙona wa kowa ko fis ba."

"Kin gama laccar?"

"Saura tambaya ɗaya. Me ya kai fuskar Maigadi kan batir?"

"Ki je asibiti ki tambaye shi."

"Na je. Ya ce min ba ya tuna komai. Ya kuma ce ka riga ni zuwa."

"Laifi ne in duba ma'aikacin gidanmu?"

"A'a wallahi. Shekara goma sha ɗaya yana buɗe maka ƙofa ba ka san sunan 'yarsa ba, yanzu kwana uku ka je sau biyar. Allah Ya ba da lada."

"Auta," Abba ya ce. "Yayanki ne."

"Na sani, Abba. Shi ne abin da ya fi min ciwo."

Yaya ya miƙe tsaye, ya gyara wuyan riga. Idan hujja ta ƙare masa tsayi yake nunawa.

"Duk abin da kika faɗa zato ne. Kwali, salatif, kalar waya. Wa ya gan ni? Kowa ya ga lokacin da na fito daga ɗaki. Ke aka gani a wurin. Ko ki sa hannu mu taimake ki, ko ki ƙi, ki je ki yi wa 'yan sanda wannan wa'azin, mu ga ko za su tafa miki."

Sai labulen ƙofar kicin ya motsa.

Anti ce, matar Yaya. Shekara shida tana gidan nan ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ko cokali ya faɗi ita ke ba shi haƙuri. Ta shigo da wani abu a dunƙule a hannu, ta durƙusa nesa da Abba.

"Abba, ku gafarce ni."

"Ke kuma me ya kawo ki?" in ji Yaya. "Ana maganar gida."

Ba ta kalle shi ba. Ta warware abin da ke hannunta, ta shimfiɗa a kafet.

Farar riga ce mai dogon hannu, irin wadda yake sawa ranar taro. Daga ƙirji zuwa hannun dama duk huda ce, ƙanana da manya, sai ka ce ɓera ya kwana yana ci.

"A ƙasan kwandon wanki na same ta, an cusa ta cikin rigar filo," ta ce. "Lafiyarta ƙalau na sa ta a ruwa. Da na ɗago ta, haka ta fito."

Na ɗauki hannun rigar na duba. Bakin hudojin ya yi laushi, yana marmashewa a yatsa.

"Ruwan batir ne," na ce. "Ba ya nuna kansa a auduga nan take. Yana cin zaren a ɓoye, sai an wanke sannan wurin ya zube. Duk mai taɓa batir ya sani, shi ya sa ba ma sa kayan kirki wurin aiki. Da ka tambaye ni, Yaya, da na ce maka ka ƙona ta."

"Tsohuwar riga ce! Asu ne ya ci!"

"Wancan watan ka saye ta," in ji Anti.

Ya juya kanta. "Da izinin wa kika fito da kayana gaban mutane?"

"Kwana uku ban yi barcin kirki ba," ta ce. "Ranar ina wanke kofuna a bakin taga. Na ji abin yana kuka. Na ji Maigadi yana cewa, Yallaɓai, ba haka Auta take sa wa ba, ita a can jikin inji take maƙala baƙin. Ka ce masa, kai da ba ka san bihim ba za ka koya min aiki? Ka ce bakin wayar yana zamewa, ya sunkuya ya danne maka shi da hannu."

"Ki rufe min baki."

"Ya sunkuya. Sai kukan ya tsaya. Sai..."

Ta toshe baki da gefen mayafi.

"Na ce ki rufe min baki!"

"Da ya faɗi yana ihu, ta gabana ka wuce da gudu. Ka shiga banɗakinmu ka wanke hannunka da fuskarka. Na ji ruwa yana zuba. Ka san ruwa ake sa wa, ka sani sarai. Kanka ka fara sa wa, ka bar tsoho a ƙasa."

Wallahi ban san wannan ba sai lokacin. Na kalli mutumin nan, uwa ɗaya uba ɗaya, mai koya wa ma'aikata abin da za su yi idan guba ta shiga ido. Raina shi na daɗe da yi, amma ranar ƙyama na ji.

"Idan kika ƙara kalma ɗaya," ya ce mata, yana nuna ta da yatsa, "ki haɗa kayanki."

"Na haɗa tun jiya."

Yatsan ya tsaya a iska. Bai san inda zai kai shi ba, sai ya mayar da shi aljihu.

"Miƙo min rigar," in ji Abba.

Na ɗauka da hannu biyu na kai masa. Zuciyata ta yi sanyi. Na ce yau dai an gama, yau Abba zai buɗe baki. Ya ɗaga ta ya duba hudojin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ninke ta a hankali, ya ɗora a cinya, ya dafe da tafin hannu.

"Ke, koma ciki," ya ce wa Anti. "Allah Ya yi miki albarka. Babu inda za ki."

Ta tashi ta koma bakin labule, amma ba ta shige ba.

"Kai kuma zauna."

Yaya ya zauna.

Abba ya dubi takardar da ke tebur.

"Duk wannan wahalar da kuka sha, ba a buƙatarta," ya ce. "Ina tsaye a tagar ɗakina ranar."

Na ɗauka kunnena ne.

"Abba?"

"Tun daga lokacin da ya cire kwalin. Na ga ya ɗauko na'urar daga inda kike cajinta. Na ga inda ya maƙala ja. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ce bari, injiniya ne, kada in kunyata shi gaban mai gadi."

"Ka gani."

"Na gani."

"Kwana uku ana zagina a unguwa. Jiya mai shagon kan kwana ya ƙi karɓar gaisuwata. Kwana uku ina shigowa ina gaishe ka, kana amsawa."

"Auta..."

"Ka gani, Abba."

Ban yi niyyar kuka ba. Na rantse ba zan yi a gaban Yaya ba. Amma hawaye ba ya neman izini, na ji shi har bakin leɓe.

"Ki saurare ni," in ji Abba. "Idan aka ce shi ne, aikinsa ya tafi. Ba wannan kaɗai ba, babu masana'antar da za ta sake ɗaukarsa. Mai kiyaye haɗari ya makantar da mutum da ganganci? Shekara nawa ya yi yana karatu. Yana da iyali. Yana da abin da zai rasa."

"Ni fa?"

Ya sake dafe rigar a cinya.

"Ni fa, Abba? Ni ba ni da abin da zan rasa?"

"Ke yarinya ce. Kina da lokaci."

"Shekarata ashirin da tara. Da ƙafata na bi gareji gareji ana min dariya har na koya. Babu wanda ya ba ni ofis. Sunan nan, Mai Batir, da tsokana aka fara kirana da shi, ni na mayar da shi abin da ake nema a waya. Shi kaɗai gare ni."

"Batir ne fa kawai," in ji Yaya ƙasa-ƙasa. Ya samu bayan da zai laɓe, murya ta dawo.

Ban ko kalle shi ba. Bai kai ba.

Abba ya tura min takardar da yatsu biyu, biron ya gangaro ya tsaya a gefen tebur.

"Ban taɓa roƙonki komai ba. Ki rufa wa gidan nan asiri."

"Maigadi fa? Shi wa zai rufa masa?"

"Za mu kula da shi."

"Da ƙarya a kansa? Ya yi gargaɗi aka zage shi, sannan a rubuta cewa tsayawa kawai ya yi riƙe da waya kamar gunki?"

"Sa hannu, Auta."

"Ba zan sa ba."

Tunda aka haife ni ban taɓa ce wa Abba a'a ba. Shi ma ya sani. Ya kalle ni kamar yau ya fara ganina.

Sai aka buga ƙofar gida. Babu mai buɗewa yanzu, don haka Anti ce ta fita. Muka ji takun takalmi mai nauyi a baranda, da sallama.

'Yar Maigadi ce ta fara shigowa, doguwar mace, idonta ya kumbura. Bayanta ɗan sanda ne, babba, da littafi a hannu. Ta ƙi zama. Ta ƙi gaida kowa.

"Daga asibiti nake," ta ce. "An kwance bandejin. Idon dama likita ya ce ruwan da aka yi saurin zuba masa ya cece shi. Na hagu ya tafi."

Yaya ya ce innalillahi da ƙarfi, har da dafe ƙirji.

Ɗan sandan ya buɗe littafinsa. Ya kalli na'urar a tebur, ya kalli takardar da babu sa hannu, ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya juya wurin Abba, ya ɗan rusuna.

"Baba, ku ne babba a gidan nan, maganarku zan fara rubutawa. Shi mara lafiyan ya ce bai tuna ba. Tsakani da Allah, wa ya haɗa na'urar nan a motar?"

Na share fuska na miƙe tsaye. Na bar wa Abba, don har lokacin akwai wani lungu a zuciyata da ya yarda ba zai iya ba.

Na ga hannunsa ya zame daga cinya. A hankali ya tura rigar cikin loko, tsakanin jikinsa da hannun kujera, ya saki babbar rigarsa a kai.

"Baba?" ɗan sandan ya sake cewa, biro a kan takarda.

Abba bai kalle ni ba.

"Ga ta nan," ya ce. "'Yata ce."